Kada Ki Karɓe Mata Tsintsiya

Hammadu Kafi, Gombe.

Zuwa ga 'yata Ummi, takwarar Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya kai ku Tudun Ƙirya lafiya ke da kakarki, Ya tsare gabanku da bayanku, Ya rufe idon mugu daga motar da za ku shiga. Na san za ki yi dariya in kin tsinci takardar nan a jakarki, ki ce Umma da muke kwana gida ɗaya me ya kai ta rubuta wasiƙa. To ai na gwada da baki, kin ga yadda muka ƙare. Ina magana kina jera ƙwayoyin maganin Dada a leda kina cewa "to Umma, to Umma," ko rabi ba ki ji ba. Ni kuwa malamar makaranta ce, ɗalibin da bai ji a aji ba sai in ba shi ya tafi da shi gida.

Murna nake yi, Ummi, har na rasa inda zan sa kaina. Tun ranar da Baffanku Sale ya aiko cewa mutane sun koma, ya gama rufin ɗakin Dada, kasuwa ma ta fara ci, ban iya zama wuri ɗaya ba. Jiya a aji na tsinci kaina ina ba yara labarin yadda ake gasa sabuwar masara, alli a hannuna, lissafin da na rubuta a allo yana jirana. Babanku ya ce wanda bai sani ba sai ya ɗauka ni ce mai tafiyar. Da ni ce ai da tuni na kai. Makaranta ta riƙe ni, ga ƙannenki, sai ke Allah Ya ba wa rabon. Za ki yi damina sukutum a ƙauyen da ba ki sani ba sai da hutu, tunda tun kina ƙarama muka turo ki Gombe karatu.

Tsoro ɗaya nake ji, kuma ba na mutanen dajin da suka kore mu daga garin ba ne, wannan mun bar wa Allah. Ke nake tsoro. Kin gama makarantar jinya, hannunki na ƙaiƙayin ya kula da wani, ga shi kina son kakarki. Ina tsoron ki kai ta har gida ki kwantar da ita, ki hana ta taɓa komai, ta ƙarasa shirun da ta fara a nan. Dada ba ta rayuwa a kwance. Ni na gwada, kuma saura kaɗan mu rasa ta. Zan zo kan wannan, amma bari in fara da wautar da na tafka can baya, don ki san irin uwar da ke miki wa'azi.

Kin san ni haifaffiyar Gombe ce, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, ruwanmu na famfo, niƙanmu na inji. Da aka kai ni Tudun Ƙirya amarya ina ji da kaina, ga takardar malanta, ga takalmi mai tsini. Ban daɗe ba na ce ni ma zan je rijiya, don kada a ce matar Malam 'yar hutu ce. Na zura guga ya cika, na fara ja, nauyin ya ba ni mamaki, igiya ta zame ta ƙona mini tafin hannu, ni kuwa na sake ta gaba ɗaya. Guga da igiya suka tafi ƙasa tare, kuma shi ke nan gugan unguwar. Mata suka jera tuluna suna jira har rana ta take, kafin a samo ƙugiya daga ƙauyen gaba. Dada ta zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, a makarantar taku ba a gaya muku igiya baki biyu gare ta ba? Ɗaya na rijiya, ɗaya naki." Sannan ta nuna mini yadda ake take bakin igiya da ƙafa kafin a zura guga.

To ki take igiyarki. Kuma in kin je rijiya kada ki je da saurin 'yan birni, ki ɗiba ki juyo. A can ake jin wadda ta haihu, da wanda ke zazzaɓi yana ɓoyewa, da yaron da ya daina cin abinci. Abin da za ki ji a bakin rijiya ba za a kawo miki shi ɗakin shan magani ba. Ki gai da kowa, ki taya na gaba da ke ɗora tulu, in an tsokane ki ki rama da dariya. In kin dawo ki juye a randar da Dada ta turara, ki bar shi ya huce, ki kamfata da moɗa ki sha. Daga ranar za ki raina ruwan leda.

Ba a jima ba na sake tafka wata. An yi sussukar gero, na ce ni zan sheƙe. Na ga yadda mata ke ɗaga ƙwarya sama su zubo a hankali, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauka a ƙwaryar ƙasa, na ce wannan ai ba aiki ba ne. Abin da ban lura ba shi ne, kafin su fara sukan ɗebi kaɗan su watsa su ga inda iska ta dosa. Ni inda na ga inuwa nan na tsaya. Ina ɗaga ƙwarya iska ta kwaso ƙaiƙayin nan ta juye mini a fuska da wuya har cikin riga, saura ya wuce ya sauka a kan kukar da Dada ta shanya. Ranar na san masu cewa ƙaiƙayi koma kan masheƙiya sun taɓa ganin irina. Na wuni ina susa, Dada na shafa mini man shanu tana mita, wai ko ɗan akuya ya san inda iska ke fitowa. Ki duba iska kafin ki ɗaga ƙwarya. Haka ma in za ki yi wa mata maganar tafasa ruwan jarirai ko ta rigakafi, ki fara sakin kaɗan ki ga inda ta dosa.

Amma fa da na iya, na iya. Ki tambayi matan unguwar wace ce ke wurga taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Wayyo lugude, Ummi. Da sassafe za ki ji shi daga gida zuwa gida, wannan turmi na kira wancan na amsawa, ga carar zakaru, ga hayaƙin ɗumame yana tashi ta kan danga. Ki zauna a bakin murhu ki ci ɗumamen tuwon dawa da man shanu tun yana ƙona yatsa, ki kankare ƙanzon ki jiƙa. Ina rubuta miki yawuna na tsinkewa.

Babbar ɓarnata kuwa ita ce ta daddawa, kuma ita nake so ki fi riƙewa, don irin taki ce. Dada ta tara kalwa tun bazara. Ta dafa ta har itace ya kusa ƙarewa, ta surfe, ta kai rafi ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a kwando ta lulluɓe da ganye da tsummoki, ta tura ƙuryar ɗakin girki. Sai aka yi haihuwa a danginta ta tafi suna wani ƙauye. Tana can wani wari ya fara tashi a gidan. Na ɗauka ɓera ne ya mutu, na bi lungu-lungu har na kai ga kwandon. Na buɗe na ga abu ya yi baƙi yana yauƙi, na ce Allah sarki, tsohuwa ta manta da kayanta sun lalace. Na ɗauka na kai juji na juye, kaji suka taru. Na wanke kwandon da sabulu na kife a rana, na share ɗakin tas, na yi wanka na zauna jiran yabo.

Dada ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a tsakar gida tana shaƙar iska. Ta ce, "Ina warin?"

Na ce, "Na fitar da shi, Dada. Ai abin ruɓewa ya yi."

Ta jawo kujera ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Ruɓewar muke jira, 'yar nan. Daddawar shekara kika ba kaji."

Hukuncin da ta yanke mini ya fi duka. Duk ranar da za a kaɗa miya sai ta miƙo mini ƙoƙo ta ce in shiga maƙwabta in roƙo daddawa, kuma in an tambaye ni ina tamu in ba da labari da bakina. Kafin kaka babu gidan da ban ba da labarin nan ba. Suka sa mini suna Mai Tsafta, har yau in kin ce ke 'yar Mai Tsafta ce za a ba ki wurin zama. Abin mamaki, ta hanyar roƙon nan na san kowace mace a garin, na yi ƙawayen da har gobe nake kewarsu. Na daɗe ina zargin da gangan Dada ta yi.

Ke kuwa hancinki ya fi nawa, tunda har takarda aka ba ki a kan tsafta. Kada ki wanke abin da ba ki gane ba. Ƙwaryar nono ba a sa mata sabulu. Zangarniyar gero da za ki gani rataye saman murhu ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi ba shara ba ce, irin shuka ne, hayaƙin ke kore masa ƙwari. Abin da kika tabbatar yana cutarwa ki faɗa, don shi kika yi karatu, amma ki fara tambaya, kuma ki bi ta bakin Dada. Maganar da ta fito daga bakinta ta fi taki saurin shiga gidaje.

Ga shi kun dace da lokaci. Za ku isa kafin ruwan shuka, za ki ji ƙanshin ƙasa ranar da aka yi na fari, wanda simintin Gombe ya hana mu ji. Za ki ga tafasa ta fito a bayan gida ba wanda ya shuka ta, a tsinko a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Za ki ga matan rugar gabas sun shigo da fura da kindirmo, ki ce a dama miki a ƙwarya, kada ki kawo kofin roba ki ba ni kunya. In kin ji zabuwa ta cika kuka a cikin ciyawa ki lura da wurin, wataƙila ƙwai ta tara. Ga ɗakin Dada da ke jiran daɓe. Baffanku ya so ya zuba siminti ta aika masa cewa kada ya kuskura. Ranar daɓen mata za su taru da madaɓai suna bugun ƙasa suna waƙa, kuma tabbas za su sa sunanki a waƙar su yi miki tsiya. Kada ki laɓe a ɗaki da waya. Ki ɗaura zani ki durƙusa a cikinsu, hannunki zai yi kanta, ba zai kashe ki ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar da muka gudo kina makaranta a nan, ba ki gani ba, kuma ba zan zana miki ba. Abin da zan gaya miki kawai, Dada ce ta ƙarshen fita daga gidan. Muna kiranta tana can tana kwance awakinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba za ta bar dabba a ɗaure ta mutu da ƙishirwa ba. Muka iso Gombe a bayan motar kaya, muka kama hayar nan, ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu. Sai na ce a raina, matar nan ta rasa gida ta rasa dabbobi, ta sha wahalata shekara da shekaru, yanzu lokacin da zan rama mata ne.

Washegari da asuba na ji ƙarar shara. Na fito da sauri na karɓe tsintsiyar daga hannunta na ce, "Haba Dada, muna raye?" Ta ɗauki faifai za ta tsince wake, na karɓa na miƙa wa ƙanwarki. Ta ce a sayo mata turmi, na ce ga inji a bakin layi. Ta ce za ta raka ni kasuwa, na ce ana tashin bam a kasuwa da tasha, ta zauna a gida. Wannan kam gaskiya na faɗa, kin tuna yadda muke a lokacin, in babanku ya fita ba mu da natsuwa sai mun ji sallamarsa. Amma ba tausayi kaɗai ke tura ni ba, har da tsoron bakin mutane, kada a ce malama ta mai da uwar mijinta 'yar aiki. Na saya mata katifa mai laushi da rediyo, na ce ta huta.

Da fari tana gardama, daga baya ta daina. Wata rana na kaɗa miyar kuka, ni kaina na san ta tsinke, gishiri kuma ya zarce. Na kai mata ta yi loma kaɗan ta ce, "Ta yi daɗi, Allah Ya yi albarka." Matar da tun ina amarya ba ta taɓa barin miyata ta wuce ba gyara. Ni kuwa don wauta na fito ina murna wai na iya miya. Ta rame, ta daina fitowa tsakar gida, in na shiga sai in same ta ta juya wa ƙofa baya, rediyon na ta surutu shi kaɗai. Muka kai ta asibiti aka ce hawan jini ne da tsufa, a bar ta ta huta. Muka dawo muka ƙara mata hutu. Ke in kin zo hutu kina auna ta kina rubutawa, kina cewa jinin ya sauka, mu duka muna jin daɗi, ita kuwa tana ƙarewa a gabanmu.

Akuyar Maman Ebuka ce ta buɗe mini ido. Kin san maƙwabciyarmu ta sayi akuya don Kirsimeti, ashe da ciki aka sayar mata, ta fasa yankawa. Wata Asabar, kina makaranta, akuyar nan ta kama naƙuda tun safe, kukanta na tsallako katanga har la'asar. Ina wanke-wanke sai na ji murya daga ɗakin Dada, irin muryar da na manta da ita.

"Akuyar nan ɗan a karkace ya zo. Ta wace ce?"

Kafin in amsa ta fito, ba sanda ba takalmi. Na tare ta na ce, "Dada, jininki fa." Ta ce, "Matsa." Na matsa.

Muka sami Maman Ebuka tsugune ta rasa yadda za ta yi. Ta ce, "Sannu Kaka, tun safe take fama. Na kira mai maganin dabbobi wayarsa ba ta shiga."

Dada ta ce, "Riƙe mata kai. Ke Malama kin tsaya kamar turke, kawo ruwan ɗumi da sabulu, a jiƙa mini karkashi."

Ta wanke hannu har gwiwa, ta shafa yauƙin karkashin, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan da muke cewa ba sa lanƙwasuwa. Ta sa hannu tana yi wa akuyar magana da Fulatanci a hankali. Ta lalubo ƙafar da ta naɗe ta miƙar da ita, ta jawo ɗan, ta share masa hanci ta hura, ya yi atishawa. Can sai ga na biyu ya biyo da kansa. Maman Ebuka ta miƙe tana rawa tana gode wa Allah da yarensu, Dada kuwa ko murmushi, faɗa ta kama yi mata.

"A kan siminti tsirara ake ɗaure mai ciki, ko ɗan ƙaiƙayi ba a baza mata ba? Ke ba ki da uwa ne?"

Maman Ebuka ta ce, "Yau na samu, Kaka."

Ina tsaye a baya da bokiti ina hawaye, kowa ya ɗauka tausayin akuya ne. Da magariba Dada ta cinye tuwonta tas, ta ture kwanon ta ce, "Wa ya yi miyar nan? Dunƙulen kanti kuka cika mata, babu daddawa ko ta shaida." Tunda nake ba a taɓa zagin girkina na ji daɗi irin na ranar ba.

Daga nan kullum sai ta shiga duba akuya. Sai ta fara shara, ni kuwa in na ji ƙarar tsintsiya sai in danne hannuwana in zauna a ɗaki, raina na ce mini tashi ki karɓa. Ta fara cika, ta fara faɗa, ƙannenki suka fara ɓuya. Da saƙon Baffanku ya zo ta ce ita za ta koma. Babanku ya ƙi, ke kika fi shi ƙi, kina cewa, "Umma, hawan jini fa, can ko kemis babu." Da kika ga ba za ta sauya ba kika ce to za ki bi ta ki zauna da ita har a tura ki wurin aiki. Ban gaya miki a ranar ba, amma kin faranta mini rai ƙwarai, Allah Ya ba ki masu yi miki.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki. Magani kam ki ba ta kullum, wannan babu ciniki, in ta ƙi ki ce za ki haɗa ta da ni. Ki auna ta yadda kika saba. Amma in kin ji shara da asuba ki gyara kwanciya. Abu mai nauyi, tulu da itace, ki riga ta yi tun ba ta lura ba. In ta ɗauki taɓarya ki ɗauko ta biyu ku yi tare, in kin ga tana haki ki ce ke kin gaji, ta yi miki gorin 'yan birni ku zauna ku huta. Ki riƙa tambayarta ko abin da kika sani. Da na ce ki riƙa yin kuskure da gangan don ta sami abin gyarawa, amma ke 'yata ce, ba sai kin yi da gangan ba. Matar Baffanku mai kirki ce, ita ma za ta so ta zaunar da ita, ki ja ta gefe ki ba ta labarin miyar kuka.

Kada in manta, Maman Ebuka ta ba Dada macen cikin 'yan akuyar nan, ta girma, kuma tare za ku shiga mota. Na san kin sayi sabon hijabi don tafiyar. Ki yi haƙuri, ki zauna ta wajen taga.

A hanya ki riƙe katin shaidarki a hannu, kada ki cusa shi ƙasan jaka. In an tsayar da ku a shingen sojoji ki sauko ki taimaka wa Dada, ki amsa abin da aka tambaye ki kawai. Ku wuce Bajoga da sauran rana. A can kuma kada ki yi nisa da gari ke kaɗai ko don itace, kada ki sa baki in ana hirar mutanen daji, ba ki san wa ke saurare ba. Takalminki da na Dada da ledar magani su riƙa kwana wuri ɗaya kusa da ƙofa. In Baffanku ya ce a tashi, a tashi, ko tukunya na kan wuta. Wannan ne kaɗai wurin da na yarda ki fi ƙarfin Dada, ko da goyo ne. Waya tana kamawa a kan tudun bayan makaranta, ki riƙa hawa kina kiranmu. In kin sami dama wata rana tana yi miki faɗa, ki danna wayar a ɓoye ki ɗauko mini muryarta, don gidan nan zai yi mini shiru.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya Dada ta kira ni in riƙe mata bakin zani za ta ɗaure ƙunshinta. A can ƙasa na ga farin yadi sabo a ninke, na gane likkafani ne. Ashe ta aiki Maman Ebuka kasuwa ta yanko mata ba mu sani ba. Na zuba wa yadin ido. Dada ta ce, "Me kike kallo? Matafiyi ai da guzurinsa." Sannan ta jawo wasu 'yan ƙulle-ƙulle na tsumma daga ƙarƙashin katifa ta jera a kai. Irin kabewa ne da kuɓewa da yakuwa da barkono, daga cefanen da nake kawowa take tsinta tana busarwa a bayan taga. Tana ɗorawa tana lissafi, wannan na bayan ɗaki, wannan na jikin danga, wannan na inda ruwan wanka ke bi. Ta ce, "Ki gaya wa takwarata kada ta taɓa mini su, ba ta san zurfin rami ba."

To na gaya miki. Ƙunshi ɗaya ne, na ƙasa da na sama. Ranar da za a buɗe na ƙasa tana wurin Allah, ƙwayarki ba ta matsar da ita, katifata ma ba ta matsar ba. Na saman shi ne namu. Ranar da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, za ta fita da fartanya a duƙe tana haki, zuciyarki za ta ce miki karɓi. Ki mai da hannunki baya, Ummi. Ki bi ta da ruwan sha, ki tsaya kusa, ki bar ta ta shuka abinta har ƙwayar ƙarshe.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya zaunar da garin lafiya, Ya ba da damina mai albarka. Allah Ya tsare mini ke, Ya ja kwanan Dada har mu zo mu ci miyar kuɓewarta, ta ce ban iya tuƙa tuwon ba. Babanku da ƙannenki suna sa albarka. Ki gai da Baffanku da iyalinsa, da duk matan bakin rijiya.

Wassalam.

Taki,
Umma.